Daga Jidda zuwa Kano: yadda ake lissafin lokacin tafiya a jirgi

Tsakanin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda da na Malam Aminu Kano akwai kusan kilomita 3,400 a miƙe, ta kan Bahar Maliya da Sudan da Chadi. Jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa. In ka raba za ka samu awa 4 da 'yan mintuna, sai ka ƙara rabin awa na tashi da sauka da gangarawa a kan titin jirgi. Wannan lissafin miƙaƙƙiyar hanya ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo. Don haka tikitin da ke hannunka shi ne abin dubawa.

A nan mutane suka fi ruɗewa. Lokacin tashi a tikiti agogon Saudiyya ne, na sauka kuma agogon Najeriya, kuma Saudiyya tana gaba da awa 2. Tikitin da ya ce tashi 10:00, sauka 13:00, tafiyar awa 5 ce, ba 3 ba. A dawowa abin juyawa yake: ka bar Kano 22:00, ka sauka Jidda 05:00, awa 5 ɗin ce dai, ba 7 ba. Mai tarbarka a Kano faɗa masa lokacin sauka yadda yake a rubuce, kada ka rage ko ka ƙara.

Sai jirgin tsakar dare. In an rubuta 01:30 ranar 12 ga wata, ranar 11 da dare za ka bar gida. Wanda ya jira ranar 12 da dare ya makara da kwana guda, tikitin kuma sai an biya kuɗin canji ko ya tafi a banza.

Mai yada zango a Addis Ababa agogonsa ba ya canzawa, lokacinsu ɗaya da Saudiyya. Alƙahira kuwa tana baya da awa 1 a lokacin sanyi, a lokacin zafi ta daidaita da Jidda. Zangon da bai kai awa 2 ba ka guje shi, musamman in da tsofaffi ko yara, domin jinkiri kaɗan a Jidda ya isa ya raba ka da jirgi na biyu.

Daga Makka zuwa filin jirgi kusan kilomita 100 ne, a ware awa 1 da rabi a mota. Jirgin ƙasa na Haramain mai tasowa daga Makka yana tsayawa a Tasha ta 1 ta filin jirgin, amma tabbatar daga nan jirginka zai tashi, don Tashar Arewa da ta Alhazai suna can nesa, sai da mota. Ka isa awa 3 kafin tashi, lokacin Umrar azumi ko bayan Hajji kuwa awa 4, saboda layin awon kaya. Ana rufe awon kusan awa 1 kafin jirgi ya ɗaga.