Yadda Ake Duba Famfon Tuƙa-tuƙa Ranar Gayya

Famfon India Mark II da ya cika ƙauyukanmu, yawanci sakaci ne ke kashe shi. Sau ɗaya a wata, 'yan kwamitin ruwa su fito da sufana mai lamba 17 da 19, da giris, da tsumma.

Da farko a ba masu ɗiban ruwa haƙuri su dakata, a kwance murfin kan famfon.

Sai a duba sarƙar da ke ciki. In ta bushe ko ta fara tsatsa, a goge ta tas, a shafa giris da yatsa har cikin kowace gaɓa. Kada wani ya ce zai zuba baƙin mai don sauƙi. Ɗiga zai yi cikin rijiyar, mu ne dai za mu sha.

A ɗaure duk notin da ya saki. A girgiza hannun famfon hagu da dama. In yana lilo, boris ya cinye, wannan kuma aikin makanike ne.

A mayar da murfi, a tuƙa. In ruwa ya daɗe bai hau ba, wataƙila robar famfon da ke can ƙasan rijiyar ce ta gaji, a kira mai gyara.

Daga nan samari su wanke dakalin, su yashe magudanar.