Yadda Ake Tantance Nau'in Kwaɗi da Dabbobi Masu Jan Ciki ta Hanyar DNA

Sau da yawa ido ba ya iya bambance nau'o'in kwaɗi biyu masu kama da juna, balle talibambam wanda bai riga ya yi ƙafafu ba. Shi ya sa masana suka rungumi dabarar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph da ke Kanada ya gabatar a 2003, wato karanta wani gajeren yanki na DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, a matsayin shaidar nau'in dabba.

Da farko a ɗauki hoton dabbar, a rubuta wuri da ranar da aka same ta, sannan a ɗebi samfuri. Ba lallai ne a kashe ta ba, domin goga auduga a cikin bakin kwaɗo ko ɗan yanki daga saɓar maciji yakan wadatar. A saka samfurin cikin itanol, wato barasar ɗakin gwaji, mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari, kuma a tsabtace almakashi bayan kowace dabba, don gurɓatar samfuri na iya lalata aikin.

A ɗakin gwaji ana ciro DNA, a ninka wani yankinsa da ake kira COI, mai haruffan DNA kusan 650, da na'urar PCR mai kwafin DNA, sannan a karanta jerinsa. Game da kwaɗi, ya fi kyau a haɗa da wani yankin DNA da ake kira 16S, saboda COI yakan ƙi ninkuwa a samfurinsu.

Daga nan sai a kwatanta sakamakon da abin da ke rumbun BOLD ko GenBank, wato ma'ajiyoyin intanet na jerin DNA na nau'o'in halittu. Idan kamannin ya yi rauni, kada a yi gaggawar shelar sabon nau'i kafin a sake duba siffar dabbar.