Kurakuran da ake yi wajen mayar da labarin ƙawaye fim

Babban kuskure shi ne marubuciya ta ɗauka da zarar ta sauya sunan ƙawarta, ta rufa mata asiri. Idan kin bar sana'arta, da yadda aka fasa aurenta, da kalmar da ba ta barin bakinta, duk wanda ya san ta zai gane ta tun fitowar farko. A 1934 gimbiyar Rasha Irina Yusupova ta yi nasara a kan kamfanin shirya finafinai na MGM a kotun Ingila, aka biya ta fam 25,000, saboda wani fim na 1932 da ya nuna ta da sunan Natasha. Shari'ar nan ce ta sa finafinai suka ɗauki al'adar rubuta cewa mutanen cikinsu ƙirƙirarru ne. Ki haɗa halayen mutum biyu ko uku a jikin mace ɗaya, ki sauya abin da ya faru kansa. Abin da ta faɗa miki da tsakar dare tana kuka kuwa amana ce. Ki tambaye ta kafin ki taɓa shi, in ta ce a'a, ki haƙura.

Sai masu kafewa kan "ai haka abin ya faru". Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka ƙawancen shekara 10 ba zai shiga shafi 90 ba. Ki ɗauki lokacin da zumuncin ya girgiza, ki bar sauran.

Wani kuma shi ne wanke kai: marubuciya ta fito salihar baiwa, ƙawar ce mai hassada. Mai kallo ba ya yarda da wannan. Ki ba wadda ke wakiltarki nata laifin, ko da gulma ɗaya ce da ta yi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a rataya kowace rigima a wuyan saurayi. Tun 1985 aka san ma'aunin Alison Bechdel, wata mai zanen barkwanci 'yar Amurka: shin akwai mata biyu da ke hira a fim ba a kan namiji ba? 'Yan mata kan ɓata kan bashin da aka ƙi biya, ko don ɗaya ta samu aiki ta daina ɗaga waya. Ki rubuta ranar da suka haɗu bayan wata shida, suka gaisa kamar baƙi.