Cin abinci a shagon 'yan Biyetnam: shawara ga sabon zuwa Houston

Idan Allah ya sauke ka a kudu maso yammacin Houston, wajajen Alief inda 'yan Najeriya suke da yawa, ba za ka yi mako guda ba sai hanya ta bi da kai ta titin Bellaire. Shaguna ne jere hagu da dama, allunansu da rubutun boko amma haruffan cike da ɗigo da ƙugiya, har sunayen wasu tituna an rubuta su da harshen Biyetnam. Kalmomi biyu za ka yi ta cin karo da su: Phở da Bánh Mì. Na farko taliyar shinkafa ce a cikin romon ƙashi, ana kiran ta "fa" da ɗan jan murya. Na biyu burodi ne da aka tsaga aka cusa wa nama da ganye, ana ce masa "ban mi".

Na ga 'yan'uwa da yawa suna wuce waɗannan shaguna kamar ba su gan su ba, su ƙare a soyayyen dankali da lemon kwalba wata da watanni, saboda tsoron alade. Tsoron yana kan hanya, alade kam akwai shi, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba. Amma abin da za ka koya don ka kauce masa bai wuce 'yan kalmomi kaɗan ba. A gefe guda kuma, samun abinci mai zafi, mai ƙosarwa, mai sauƙin kuɗi, kusa da wurin aiki, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai riga ya tsaya da ƙafafunsa ba.

Mutanen da ke bayan kantar nan su ma baƙi ne da suka riga mu zuwa. Yawancin iyalansu sun fara shigowa Amurka ne bayan faɗuwar birnin Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, a ranar 30 ga Afrilun 1975, wasu kuma daga baya ta cikin ƙananan jiragen ruwa, bayan sun yi zaman sansanin gudun hijira. Tsohuwar da za ka gani tana yanka ganye a lungu ta san mene ne isowa ƙasar da ba ka jin yarenta. Don haka kada ka ji nauyin yin tambaya, ko da Turancinka da nata duk ba su nuna ba.

Mu fara da burodin. Ɗan Maraɗi ko Damagaram yana ganinsa zai gane shi, domin ɗan'uwan dogon burodin nan ne na Faransa da ake sayarwa a bakin titi a Nijar. Faransa ce ta mallaki Biyetnam kamar yadda ta mallaki Nijar, ta bar musu burodinta, su kuma suka gajarta shi, ɓawonsa ya yi siriri yana ƙaras-ƙaras, cikinsa ya yi sakayau. Ana ɗumama shi, a tsaga, a shafa mayonis, a jera nama, a ɗora karas da wata farar saiwa da aka jiƙa a ruwan tsami da sukari, sai kokwamba, ganyen koriyanda da yankan koren barkono. A ƙarshe a yarfa ruwan Maggi ko ruwan waken suya. Ƙwarai kuwa, Maggin da ka sani, sai dai nasu na ruwa ne a kwalba.

Ga inda nake so ka natsu. Kafin a sa nama, akwai wani abu launin toka-toka da ake shafa wa burodin kamar man shanu, sunansa pa-tê. Niƙaƙƙiyar hanta ce, kuma galibi ta alade. A shaguna da yawa hannu ya saba, ana shafa shi ko da kaza ka ce a sa maka. Ni a kaina abin ya faru. A watannina na farko na shiga wani shago na nuna hoton na kaza, na biya, na koma mota. Sai da na yi gatsa biyu na ji wani ɗanɗano mai nauyi da ba na kaza ba, na buɗe burodin na ga an shafe gefe guda da shi. Ranar ban iya cin komai ba sai dare. Ba mugunta aka yi mini ba, ni ne ban san akwai abin da zan ce a cire ba. Tun daga nan, kafin ma in faɗi abin da nake so, sai na fara cewa "không pa-tê", wato ban da pa-tê, ina kallon hannun mai haɗawa har ta gama. Idan da hali, ka roƙa a sauya safar hannu da wuƙa, domin da wuƙa ɗaya ake tsaga burodin kowa.

Kalmomin da za ka haddace ga su. Heo ko lợn shi ne alade. Gà kaza ce, bò naman shanu, cá kifi, tôm jatan lande, trứng ƙwai. Thịt ma'anarsa nama kawai, amma idan ka gan shi shi kaɗai ba a faɗi na wace dabba ba, kamar thịt nướng, to ka ɗauka gasasshen alade ne. Haka chả lụa, da bì, da xíu mại, da nem nướng, duk alade ne a siffofi daban-daban. Wanda ya fi kama baƙo shi ne đặc biệt. Ma'anarsa "na musamman", yakan zo a lamba ta ɗaya a takardar jerin abinci, kuma shi za a nuna maka idan ka tambayi wanne ya fi daɗi. A ɓangaren burodi, wannan haɗin yankakken alade ne iri-iri.

Wanda bai yarda da yankan da bai san asalinsa ba yana da mafita har uku a kanta ɗaya: bánh mì cá mòi na kifin gwangwani a cikin tumatir, bánh mì ốp la na soyayyen ƙwai, wanda ba shi da nisa da burodi da ƙwan mai shayi, da kuma bánh mì chay. Chay na nufin abincin da babu nama, kuma abin da ake sa wa a ciki, đậu hũ, awara ce, irin wadda yara ke talla a gida. Mabiya addinin Buddha daga cikinsu da yawa suna barin nama a ranar ɗaya da ranar sha biyar ga watansu, shi ya sa suka ƙware a wannan girki, har akwai shagunan da chay kaɗai suke yi. Batun cin kaza ko naman shanun da ba a rubuta halal a kansa ba kuwa, malamai sun yi saɓani, kuma mutanenmu a nan kowa da fatawar da yake bi. Ka tambayi malamin da ka amince da shi tun kafin yunwa ta kama ka a gaban kanta.

Sai phở. Asalinsa daga arewacin ƙasarsu ne, wajen Hanoi da Nam Định, a farkon ƙarni na 20. Da aka raba ƙasar gida biyu a 1954, jama'a masu ɗimbin yawa suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu da girkinsu, 'yan kudu suka ƙara masa ganye da miya. Salon kudun ne za ka fi samu a Houston. Romon shi ne komai. Ana dafa ƙashin shanu sa'o'i masu yawa da gasasshiyar albasa da gasasshiyar citta, da kanumfari, da kirfa, da wani ɗan itace mai siffar tauraro. Ranar da na fara sa hanci a kan kwanon, farfesun ƙafar saniya ne ya faɗo mini a rai, sai dai wannan garau yake, babu jan mai, babu yaji sai wanda ka sa da hannunka.

Za a kawo maka babban kwano yana tururi, da faranti a gefe ɗauke da tsiron wake, da yankan lemun tsami, da koren barkono, da wani ganye mai ƙamshi ɗan'uwan ɗoɗɗoya. Ka fara kurɓar romon zallansa. Sannan ka tsinke ganyen daga kara ka yayyaga a ciki, ka matsa lemun tsami, ka tura tsiron waken ƙasa ya ɗan yi laushi. A kan tebur akwai kwalabe biyu. Baƙar mai zaƙi ce. Jar, mai hoton zakara da koren murfi, ita ce Sriracha, wadda wani ɗan gudun hijira daga Biyetnam, David Tran, ya kafa kamfaninta a Los Angeles a 1980. Ga wanda ya tashi da attaruhu, zafinta kaɗan ne. Ka zuba su a ɗan ƙaramin faranti kana tsoma nama, ya fi ka juye su cikin romon da wani ya kwana yana dafawa.

Lambobin da ke jere a takardar duk phở ɗaya ne, yankan naman ne ya bambanta. Tái siraran yanka ne da ake ɗorawa ɗanye, zafin romo ya dafa shi a gabanka. Idan ka gan shi ja-ja, ka danna shi ƙasa, cikin ƙiftawar ido zai sauya launi. In ranka bai kwanta da haka ba, ka nemi chín, dafaffe lugub. Gân jijiya ce, sách tumbi, waɗanda Bahaushe bai baƙunta da su ba. Phở gà na kaza ne. A ƙa'ida babu alade a phở, amma kowane gida da tukunyarsa, don haka ka tambaya sau ɗaya ko da wane ƙashi aka yi romon, har da na chay, ka riƙe shagon da ya ba ka amsa a fili.

Akwai wani kwano da sunansa ke yaudara: bún bò Huế. Ka ga bò ka ce na shanu ne, alhali yawanci da ƙafar alade a ciki, da gudajin daskararren jini. Hủ tiếu ma romon ƙashin alade ne. Soyayyen naɗi da ake kira chả giò da ɗanyen naɗi gỏi cuốn su ma galibi da alade a ciki. Wanda nake kai sabon baƙo gare shi idan taliya ba ta burge shi ba shi ne bò kho, dahuwar naman shanu da karas mai kauri, ana dangwala da burodi.

Wani wari zai iya dukan hancinka da ka shiga. Nước mắm ne, ruwan ƙananan kifi da aka tsima da gishiri watanni. Matsayinsa a girkinsu matsayin daddawa ne a namu: a kwalba ba daɗin shaƙa, a miya kuwa in babu shi sai ka ji lami.

'Yan Biyetnam da tsinke biyu suke ci a hannun dama, cokalin romo a hagu. Kai da ba ka kai abinci baki da hagu, ka nemi cokali mai yatsu, kana musanya shi da na romo a damanka, babu wanda zai kalle ka. In kuma ka koyi tsinken, kada ka soke su tsaye a cikin kwano, domin a wurinsu hakan ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Ka kwantar da su a bakin kwanon.

Idan dare za ka yi aiki, ka gwada cà phê sữa đá, kofi mai ƙarfi da madarar gwangwani mai kauri da ƙanƙara. Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noman kofi bayan Brazil, kuma nasu ba ya wasa. In barci kake so, kada ka sha shi bayan la'asar.

Wajen biya, kada ka zauna kana jiran a kawo maka takarda. A yawancin irin waɗannan shaguna kai za ka tashi ka je kanta, ka faɗi lambar teburinka. Kuɗin da ka gani a rubuce ba shi ne za ka biya ba, ana ɗora harajin ciniki, wanda a Houston kashi 8.25 cikin ɗari ne. Idan zama ka yi aka kawo maka abinci, al'adar Amurka ce ka bar tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin ma'aikatan da shi suke cike albashinsu. In burodi kawai ka saya a tsaye, abin da ka ga dama ka jefa a gwangwanin da ke kan kanta. Ka riƙa yawo da 'yan takardun kuɗi a aljihu, wasu ƙananan shagunan ba sa karɓar kati, wasu kuma sai cinikin ya kai wani adadi.

In za ka tafi da phở gida, za su ƙulla maka romo daban, taliya da nama daban, ganye daban. Kada ka haɗa su sai ka isa. Ka tafasa romon sosai har ya yi ɓararraka, sannan ka kwarara shi a kan taliyar da naman, musamman idan tái ka saya.