Yadda ake ceto bayanai daga faifan kwamfuta da ya fara lalacewa

Alamun ba sa ɓuya: kwamfuta ta yi nauyi, fayil ya ƙi buɗuwa, wani lokaci ka ji faifan ajiya (hard disk) yana ƙas-ƙas. Da zarar ka ga haka, kashe ta. A nan mutane da yawa ke cutar kansu, su yi ta kunnawa da kashewa wai ko za a dace. Cikin faifan akwai farantai da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, da ɗan kan da ke karanta bayanai yana shawagi a samansu. In ya fara gogar faranti, kowane juyi kankare bayananka yake yi.

Don haka, in kana jin ƙas-ƙas ko ƙarar gogayya, babu manhajar da za ta yi magani. Kai wa ƙwararru masu ɗakin aiki marar ƙura. Kada ka kwance shi da kanka, kada kuma ka bi shawarar masu cewa a sa shi a firiza. Raɓa ce za ta ƙarasa shi.

In kuwa bai da baƙuwar ƙara, cire shi ka haɗa da wata kwamfuta. Manhajar CrystalDiskInfo za ta karanto maka rahoton SMART, wato bayanin da faifan ke ajiyewa kan lafiyarsa, ka ga yawan sassan da suka lalace.

Sai babban aikin: kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani mai lafiya, wanda ya fi shi girma. GNU ddrescue, wani shirin kwafi da ke aiki a babbar manhajar Linux, shi ya dace, domin yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa, ya tsallake masu gardama, daga baya ya dawo musu. Yana kuma ajiye taswirar inda ya tsaya, ko wuta ta ɗauke ba sai ka faro daga farko ba. Duba sunayen faifan biyu da kyau kafin ka danna, don in ka juya su, fanko za ka shafe bayananka da shi.

Kada ka yi chkdsk (umarnin Windows na duba faifai da gyara shi) a kan faifan mai ciwo, kuma in Windows ta nemi ka yi fomat, wato ka goge faifan, ka ƙi.

Daga nan ajiye shi gefe, ka yi aiki a kan kwafin. Shirin TestDisk na dawo da ɓangaren faifai (partition) da ya ɓace. In bai yi ba, PhotoRec zai tsinto hotuna da takardu, sai dai ba da sunayensu na asali ba, sai ka zauna ka tantance su ɗaya bayan ɗaya.