Yadda ake gano abin da ke sa sitiyarin babbar mota rawa

Direba zai shigo gareji ya ce, "Oga, gabanta na rawa," kafin ya rufe baki yara sun ɗauko sifana za su kwance tairod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. Daga nan asara ke farawa. Ka zaunar da shi tukuna, ka tambaye shi yaushe take yi.

In sai ya kai wani gudu, a ce kilomita 70 ko 80 a awa, kuma da ya wuce nan ko ya rage ta lafa, to ka nufi taya da rim. In sai ya taka birki, durom ne, wato kwanon ƙarfen da birki ke kamawa a cikin taya, ya daina zama daidai. Wadda kuwa ke tashi bayan an faɗa rami, sitiyari ya yi ta fizgar hannu har sai an kusa tsayawa, wannan akwai abin da ya saki a ƙasa.

Fara da taya, don duba ta kyauta ne. Shafa ta da tafin hannu ka ji ko ta ci gefe ɗaya ko ta yi ƙullutu. Jan tsatsa da ya zubo daga gindin notin taya kuwa, notin ya kwance ne.

Tairod ba a duba shi a kan jak. Mota na ƙasa da nauyinta, inji na aiki, yaro na kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma hannunka na kan kowace mahaɗa. Hannu ya fi ido ji.

Sai wurin da na taɓa shan kunya. A tokare tayoyin baya, a ɗaga gaba, a zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin taya ana ɗagawa ana saki. Ka ji ƙwas-ƙwas, kada ka yi saurin cewa kinfin ne, wato ƙarfen da tayar gaba ke karkata a kansa in an juya sitiyari; boris, wanda taya ke gungurawa a kansa, ma haka yake yi. Sa yaro ya danne birki, amma ka tabbatar akwai iska a tankin birki, sannan ka sake gwadawa. Motsin ya ɓace, boris ne. Yana nan, kinfin ne da bushinsa, wato zoben da yake zaune a ciki. Ina sabon shiga na sa wani mai DAF daga Mararrabar Jos ya sayo kinfin biyu a Panteka, muka kwana biyu muna dukan tsohon kinfin kafin ya fita, washegari mai motar ya dawo yana huci. Ashe notin boris ne kawai ya saki. Kuma kada a buga giris kafin wannan gwaji, yana cike gurbin ya ɓoye motsin. Ni a wajena wanda ya taɓa famfon giris kafin in duba, ranar shi zai wanke kayan aiki.

Ragowar ba wuya. Leƙa notunan da suka ɗaure sifirin da aksul, ka duba ko shokazoba na zubar da mai. Alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, shi ne na ƙarshe, bayan an ɗaure komai, sannan a fita da ita baifas a kai ta gudun da direban ya ambata.