Darasi na 7: Mai Firam ɗin Hoto da Sanyin Kasuwar Janairu

Malami ya fara karanta kowane sakin layi da ƙarfi, sannan ɗalibai su karanta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo da littafin rubutu da biro, domin akwai lissafi a gaba.

Duk mai sana'ar sa hoto a firam a Kaduna, ko Jos, ko Sabon Garin Kano da na Zariya, ya san daɗin watan Disamba. Kiristoci na shirin Kirsimeti, ana gyara falo saboda baƙi, ana neman abin kyauta. Aure ma yakan yi yawa a watan, na Musulmi da na Kirista, domin makarantu suna hutu, dangi na nesa sun zo gida. Kowane biki kuwa da hoton ango da amarya da za a rataye a bango. Ofisoshi da ƙungiyoyi kuma suna raba takardun yabo na ƙarshen shekara, duk sai an sa su a gilashi. A irin waɗannan ranaku mai firam a tsaye yake cin abinci.

Sai Janairu ta kama, shago ya yi tsit. Ka share ƙurar hunturu da safe, ka zauna, la'asar ta yi ba wanda ya taya ko firam ɗaya.

Ba aikinka ne ya lalace ba, kuma ba wanda ya yi maka baki. Aljihun mutane ne ya bushe. Ma'aikata da yawa ana biyan su albashin Disamba da wuri saboda biki, sai su kashe shi, su jira ƙarshen Janairu da nisa. A farkon watan ne kuma yara ke komawa makaranta zango na biyu, ga kuɗin makaranta, ga littattafai. Wasu ga kuɗin haya. Firam ba tuwo ba ne. Wanda bai gama biyan kuɗin makarantar ɗansa ba, hoton bikinsa zai iya zama a cikin waya har wata uku, ba abin da zai same shi.

Kuɗin Disamba na wata uku ne

Kuskuren da ya fi kashe ƙananan shaguna shi ne mutum ya ɗauki cinikin Disamba duk riba ce. Ya ga kuɗi a durowa, ya sayi sabuwar waya, ya ɗinka sutura, ya yi wa dangi hidima. Janairu ta zo ba kuɗin sayen gilashi. Daga nan sai cin uwar kuɗi, daga cin uwar kuɗi sai bashi.

Mu ɗauki misali. Alkaluman nan na koyo ne kawai, kowa ya sa nasa daga baya.

A ce a Disamba ka yi cinikin Naira 300,000. Ka kashe Naira 170,000 wajen sayen katakon firam, gilashi, kwali, gam da ƙusa. Haya, wuta, man janareta da sallamar yaron shago sun ci Naira 40,000. Abin da ya rage, wato riba, Naira 90,000 ne.

A Janairu ciniki ya sauko Naira 80,000. Kayan aiki sun ci Naira 45,000. Amma kuɗin shago bai sauko ba, yana nan a Naira 40,000, domin mai gidan haya bai san wani sanyin kasuwa ba. Ka haɗa 45,000 da 40,000, ka sami 85,000. Ke nan ka faɗi da Naira 5,000.

A Fabrairu ciniki ya ɗan motsa zuwa Naira 100,000. Kayan aiki 55,000, kuɗin shago 40,000. Riba Naira 5,000.

To, haɗa watanni ukun. Faɗuwar Janairu ta cinye ribar Fabrairu, saura Naira 90,000. Raba ta gida uku. Abin da ya halatta ka kai gida kowane wata Naira 30,000 ne, ba 90,000 a wata ɗaya ba. Wanda ya gane wannan lissafi ya gane darasin yau, sauran duk ƙari ne.

Ina za ka ajiye kason Janairu da na Fabrairu? Inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba. Wasu a banki, wasu a asusu. Masu yin adashi su nemi a ba su kwasar Janairu ko Fabrairu, su bar wa wasu ta Disamba, tunda a lokacin ba su da buƙata.

Akwai wani abu kuma da sabon shiga sana'a ba ya lura da shi. Da yawa daga cikin dillalan gilashi da katakon firam 'yan kudu ne, sukan rufe shago su tafi gida Kirsimeti, wasu sai tsakiyar Janairu su dawo. Idan ka san haka, sayi abin da zai ishe ka kafin su tafi. Amma kada tsoro ya sa ka jibge jarinka duka a kan kaya. Gilashi yana fashewa, kuma ba a cefane da shi.

Aikin da aka gama ba a karɓa ba

Leƙa bayan kowane shagon firam a Janairu, za ka ga hotuna jingine da bango, an gama su tun kafin biki, masu su ba su dawo ba. Kuɗinka ne a jingine. Shi ya sa ba a fara aiki sai an karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya kayan aiki. Rubuta sunan mai aiki, lambar wayarsa, girman firam, abin da ya bayar da abin da ya rage. Ka ba shi rasit, ka riƙe kwafi.

Karanta wannan hira:

Yaro: Maigida, hoton Hajiyar nan ya yi wata guda a nan. Ko in cire shi mu sa wa wani firam ɗin?

Maigida: A'a, ba a haka. Amana ce. Nawa ta bayar?

Yaro: Ta ba da dubu huɗu, saura dubu uku.

Maigida: Ɗauko littafi ka duba lambarta. Ka gaishe ta da kyau tukuna, kada ka fara da maganar kuɗi.

Yaro: In ta ce ba ta da shi yanzu fa?

Maigida: Ka ce ba komai, Hajiya, yana nan a adane. Ka tambaye ta ranar da za ta zo, ka rubuta ranar.

Ga irin saƙon da za ka iya aikawa ta waya. Kowa ya kwafe shi a littafinsa:

"Salamu alaikum Hajiya, ina wuni? Aikinki ya kammala, ya yi kyau. Saura Naira 3,000. Muna buɗewa daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 6. Na gode."

Guntayen katako ma kuɗi ne

Bayan hada-hadar Disamba, ƙasan teburin aiki yakan cika da guntayen katako da gilashi. Malalaci zai share ya zubar. Mai lura zai ware su, dogo da dogo, gajere da gajere, ya haɗa ƙananan firam na ajiyewa a kan tebur, ya jera a bakin shago. Ya riga ya fitar da kuɗin katakon daga babban aiki, don haka kusan duk abin da ya samu riba ce.

Sai dai a iya awo. Hoto mai inci 8 da inci 10 yana da gefe huɗu: 8 da 8 da 10 da 10, jimla inci 36. Amma katako mai inci 36 ba zai isa ba. Kowace kusurwa ana yanka ta a karkace, digiri 45, kuma yanka takwas ake yi, biyu a kowane sanda. Kowane yanka yana cin tsawo daidai da faɗin katakon. Saboda haka ka ninka faɗin katako sau takwas, ka ƙara a kan jimla. Idan faɗinsa inci 1 ne, 36 da 8 sun zama inci 44. Idan inci 2 ne, 36 da 16 sun zama inci 52. Ƙara ɗan kaɗan saboda abin da bakin zarto ke ci.

Hunturu yana da nasa sharri a wannan aiki. Iska ta bushe, katako yana tsukewa, in damina ta zo kuma ya kumbura. Kada ka yanka gilashi ya matse cif a cikin firam, bar masa 'yar rata. Ka goge cikinsa a inda iska ba ta kaɗawa, ka rufe bayan firam nan take, in ba haka ba ƙura za ta shige, sai ka sake buɗewa. Takardar shaidar karatu kuwa, ta sakandare ko ta jami'a ko ta bautar ƙasa, kada ka kuskura ka shafa mata gam. Wata rana mai ita zai buƙaci cire ta ya kai wajen neman aiki.

Wannan ne kuma lokacin wasa zarto, gyara tebur, da koya wa yaro yankan gilashi a kan guntaye, inda ko ya fasa ba asara mai yawa.

Duba kalanda biyu

Mai firam a arewa yana da sa'ar da takwaransa na Turai ba shi da ita: kasuwarsa tana bin kalanda biyu. Hausawa suna son ɗaura aure kafin azumi, kuma ɗakin amarya yana son firam, na hoto da na rubutun ayoyi irin su Ayatul Kursiyyu. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, shi ya sa azumi ke matsowa baya kowace shekara. A Nijeriya an fara azumi ranar 11 ga Maris a 2024, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Ke nan a 'yan shekarun nan bukukuwan kafin azumi suna faɗowa kusa da Janairu da Fabrairu, daidai lokacin da kasuwar Kirsimeti ta kwanta. Je ka gaisa da masu ɗaukar hoton biki da masu sayar da kayan ɗaki, ka bar musu samfuri da lambar waya. Su ne ke fara jin labarin aure kafin kai.

Bayan haka akwai Ista, akwai ƙaramar Sallah da babba. Akwai kuma shekarar canjin gwamnati: da aka rantsar da sabon shugaban ƙasa da gwamnoni ranar 29 ga Mayu, 2023, ofisoshi da makarantu da otal-otal sun sauya hotunan bango. Bayan shekara huɗu-huɗu ake wannan kasuwa.

Wasu sukan karya farashi a Janairu don jawo masu saye. A ganina a yi hattara. Rangwame a kan firam ɗin da aka haɗa da guntaye ba laifi. Amma in ka saba wa mutane da rabin kuɗi a kan sabon aiki, ranar da ka koma farashin gaskiya za su ce ka yi tsada.

Aikin gida

1. Faɗi dalilai biyu da ke sa ciniki ya ragu a Janairu.

2. Ribar Disamba Naira 120,000 ce. A Janairu an faɗi da Naira 10,000, a Fabrairu an ci ribar Naira 10,000. Nawa mai shago zai kai gida kowane wata?

3. Hoto mai inci 12 da inci 16 ne, faɗin katako inci 2. Inci nawa na katako ake buƙata?

4. Rubuta saƙon waya ga wani dattijo da ya bar aikinsa a shagonka, saura Naira 2,500.

5. Idan sana'arka ba firam ba ce, rubuta watan da kasuwarka ta fi tafiya da watan da ta fi sanyi, ka zo da alkalumanka aji mu yi lissafin tare.